Kukan Keke a Hanyar Sakajiki

Akwai wani yaro a wani ɗan ƙauye kusa da Sakajiki. Yana aji biyar a firamare. Shekararsa goma sha ɗaya. Babu abin da yake so kamar hawan keke.

Da mahaifinsa ya sayi babur, sai ya ba shi tsohon kekensa. Baƙi ne, mai faffaɗar kariya ta ɗaukar kaya a baya. Ranar nan yaron ya kasa cin tuwo don murna.

Baba ya kira shi ƙofar gida. Ya miƙa masa sifana da tsumma da 'yar kwalbar mai.

"Keken nan ya girme ka," in ji Baba. "Amma bai taɓa kayar da ni ba. Ka san dalili?"

"Don yana da ƙarfi, Baba."

"A'a. Don ina duba shi. Duk ranar Asabar ka wanke shi. Ka goge sarƙa, ka ɗiga mata mai. Ka bi kowane noti ka ɗaure. In ka ji wani sabon kuka, ka nemi inda yake fitowa."

"To, Baba."

Ya ce to, amma hankalinsa yana kan ƙararrawa.

Yaron yana da aboki, ɗan maƙwabtansu. Sunansa Abdulrashid. Ajinsu ɗaya. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya. Makaranta kuwa da nisa. Kullum shi ke fara fita, kuma shi ke isa a ƙarshe.

Da keke ya samu, sai abu ya sake. Kowace safiya yaron yakan tsaya a ƙofar gidansu ya kaɗa ƙararrawa. Abdulrashid ya fito ya hau kariya, ya ɗora sandarsa a cinya.

"Mu tafi, Direba," yakan ce.

Abdulrashid gwani ne a lissafi. A hanya yakan yi ta jefo tambaya.

"Direba, bakwai sau takwas?"

"Hamsin da huɗu."

"Ka faɗi. Ƙara biyu."

Sai su yi ta dariya har bakin makaranta.

Asabar ta farko yaron ya wanke keke tas. Ta biyu ma haka. Ta uku, abokai suka kira shi ƙwallo. Ta huɗu, ya manta ma inda ya ajiye sifana.

Damina ta sauka. Hanya ta yi laka. Laka ta shiga sarƙa, ta bushe a ciki. Sai keke ya fara magana.

Sarƙa ce ta fara. Tana cewa tsii, tsii, kamar ɗan tsako. Wata safiya har wata kaza ta biyo su da gudu, ta buɗe fukafukai. Ta zaci 'ya'yanta suka ɗauka. Abdulrashid ya yi dariya har ya kusa sakin sanda.

Bayan kwana biyu feda ta ɗauka. Duk takun da ya yi sai ta ce ƙas. Kariya ita ma ta shiga, tana ƙiƙi, ƙaƙa.

In sun doso makaranta, yara sukan ce, "Ga makaɗa nan sun iso."

Abin ya yi wa yaron daɗi. Ya daina kaɗa ƙararrawa. Ai kowa yana jin zuwansa.

Baba yana can gona, ana noman gero. Da sassafe yake fita, sai yamma yake dawowa. Amma wata rana ya dawo da wuri, ya ji shigowar keken.

"Wannan kuka fa?" ya tambaya.

"Zan duba shi, Baba."

"Yaushe?"

"Yau ɗin nan."

Yaron ya nemo kwalbar mai. Ashe ya bar ta a buɗe, ta kife, mai ya tsiyaye. Bai so ya faɗa wa Baba ba. Ya lallaɓa madafa ya ɗebo man gyaɗar Inna a ludayi. Ya kwarara wa sarƙa, bai ko goge lakar ba. Kuka ya ragu. Ya ce a ransa, "Ashe abin da sauƙi."

Da gari ya waye, sai ga kiyashi sun yi layi tun daga ƙasa har kan sarƙa. Inna ta fito da tsintsiya, ta tsaya tana kallo.

"Ashe kai ne ka taɓa mini mai," ta ce. "Ɗan nan, keke ne ko ƙosai?"

Yaron ya sosa ƙeya. Ya kakkaɓe kiyashi, ya hau ya tafi. Kafin azahar yashi ya manne wa man. Kuka ya dawo, har ya fi na da.

A hanyar dawowa Abdulrashid ya taɓa shi a baya.

"Direba, kariyar nan tana rawa."

"Hanya ce ba kyau."

"Ba hanya ba ce. Ina jin ta tana gocewa."

"Ka riƙe da kyau kawai. Zan ɗaure ta ranar Asabar."

Ranar Litinin malamar ajinsu, Malama Firdausi, ta shigo da fara'a.

"Ranar Alhamis akwai gasar lissafi a Ƙauran Namoda," ta ce. "Makarantu za su zo daga Shinkafi da Zurmi. Abdulrashid da Zulaihat ne za su wakilce mu."

Aji ya ɗauki tafi.

"Akwai sauran wuri ɗaya a mota," in ji Malama. Ta dubi yaron. "Naka ne. Kai kake kawo mana Abdulrashid kullum a kan lokaci. Za ka je ka yi kallo."

Yaron ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Ƙaura, kuma yana ƙarami.

"Mota za ta tashi ƙarfe bakwai da rabi," Malama ta ƙara. "Kuma keken nan naka, ina jin sa tun daga ofis. Ka duba shi kafin ranar."

"To, Malama."

Ranar Laraba da la'asar ya gano sifana a bayan rumbu. Ya tsuguna gaban keke. Sai ya ji ana buga ƙwallo a fili. Ya dubi keke, ya dubi fili.

"Ya yi wata guda yana kuka, bai tsaya ba," ya ce. "Ba gobe zai tsaya ba."

Ya ajiye sifana ya ruga.

Safiyar Alhamis gari ya yi sanyi, don an kwana ana ruwa. Abdulrashid ya fito fes. Mahaifiyarsa ta wanke masa farar riga, ta goge ta da dutsen guga na gawayi. Ta rako shi har zaure.

"Allah ya ba da sa'a," ta ce. "Ka tafi mini da shi a hankali."

"In sha Allahu, Inna."

Suka kama hanya. Gero ya yi kore shar a hagu da dama. Keke yana ta kukansa. Abdulrashid yana ta maimaita lissafi a hankali.

A tsakiyar hanya akwai wata gangara. Ruwa ya zaizaye ta, ta yi ramuka. Yaron ya saki keke ya gangara, don yana sauri. Tayar baya ta faɗa rami. Sai suka ji wani abu ya ce ƙal, ya yi tsalle cikin ruwa.

Notin kariya ne.

Kariya ta karkace. Ƙarfenta ya shige cikin wayoyin taya. Taya ta tsaya cak. Keke ya watsar da su.

Yaron ya faɗa kan ciyawa. Abdulrashid kuwa cikin laka ya faɗa. Sandarsa ta yi cikin gero.

Yaron ya tashi da sauri ya ɗaga shi.

"Ka ji ciwo?"

Abdulrashid ya duba gwiwar hannunsa. Ta kuje, jini yana ɗan fita. Ya dubi rigarsa. Babu sauran fari a jikinta. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya dai ce a hankali, "Na faɗa maka tana rawa."

Maganar ta fi bulala zafi. Yaron ya shiga gero ya ɗauko sanda. Ya gwada tura keke, taya ta ƙi juyawa. Ya laluba cikin ruwa, bai ga noti ba.

Rana ta fara ɗagawa. Abdulrashid ya dogara sanda ya fara tafiya. Sandar tana nutsewa cikin laka. Su duka sun san ba zai isa ba.

"Hau bayana in goya ka," in ji yaron.

Ya goya shi. Ya yi taku ashirin, santsi ya kusa kwashe su. Ya sauke shi yana haki. Hawaye suka cika masa ido.

"Salamu alaikum, samari."

Suka juya a firgice. Wani dattijo ne a kan keke, dab da su. Baba Labbo ne, makiyayin da ke kai madara Sakajiki kowace safiya. Ko kaɗan ba su ji zuwansa ba.

"Mi ya faru?" ya tambaya.

Yaron ya faɗa masa komai. Baba Labbo bai tsaya dogon zance ba. Ya kwance jarkokin madara biyu daga kariyarsa, ya ajiye a bakin hanya.

"Kai, tsare mini wannan," ya ce wa yaron. "Kai kuma, taho mu tafi."

Yaron ya dubi jarkoki, ya dubi kekensa a kwance. Ya gane babu shi babu Ƙaura yau. Sannan ya cire rigarsa, wadda ciyawa kawai ta ɗan ɓata.

"Sa wannan," ya ce wa Abdulrashid. "Ba ni taka."

Suka yi musaya. Abdulrashid ya hau. Keken Baba Labbo ya wuce sulu, ba a jin komai sai ƙarar taya a kan jiƙaƙƙen yashi.

Yaron ya zauna kusa da madara, sanye da rigar laka. Jira ya yi masa tsawo. Yana ta addu'a Allah ya sa su tarar da mota.

Can sai ga Baba Labbo ya dawo.

"Mun same su," ya ce. "Direba har ya tada mota. Malamarku ce ta ce a ƙara jira. Ta wanke masa ciwon, sun tafi."

"Alhamdu lillahi," in ji yaron. Sai a lokacin ya saki kuka.

Baba Labbo ya bar shi ya yi. Sannan ya zuba masa madara a murfin jarka.

"Sha. Sai mu ga wanga mara lafiya."

Ya ciro sifana da 'yar waya daga wata jaka a ƙarƙashin sirdinsa. Ya zare ƙarfen kariya daga taya. Wayoyin taya biyu sun karye, ya lanƙwashe su gefe. Ya ɗaure kariya da waya.

"Tun yaushe yake kuka?"

"Wata guda."

"Wata guda yana kiran ka, ba ka amsa ba." Baba Labbo ya girgiza kai. "Ni in saniyata ta sake kuka, ba ni barin ta sai na san abin da ke damun ta. Keke ma haka. Mai lafiya ba ya surutu."

"Baba, naka sabo ne?"

Dattijon ya yi dariya. "Da shi na kai babban ɗana makaranta. Yanzu ɗansa ma yana aji uku."

Ya nuna masa yadda ake neman kuka. A kama sirdi a girgiza. A kama kan keke a girgiza. A ɗaga tayar baya, a juya feda a hankali, a kasa kunne.

"Duk abin da ya motsa, alhali bai kamata ya motsa ba, noti ne ya saki," in ji shi. "Duk abin da aka yi don ya juya, in ya yi tsii, ƙishin mai yake ji."

Yaron ya yi godiya. Ya taya shi ɗaure jarkoki. Sannan ya tura kekensa zuwa gida.

Ruwan dare ya hana Baba fita da wuri. Yana shirin tafiya gona ya ga yaron. Ya ga rigar laka, ya ga waya a kariya.

"Ina Abdulrashid?"

"Ya tafi, Baba. Baba Labbo ne ya kai shi." Ya sunkuyar da kai. "Laifina ne. Ka ce in duba, ban duba ba. Malama ta ce in duba, shi ma ya faɗa mini. Kuma na zubar da man da ka ba ni, na ɓoye maka."

Baba ya sake duban kariyar.

"Da kai kaɗai ne a kan keken, da da sauƙi," ya ce. "Amma ɗan mutane ka ɗauko. Ka je ka faɗa wa mahaifiyarsa da bakinka. Sannan ka sake riga ka tafi makaranta da ƙafa."

Zuwa gidan su Abdulrashid ya fi tura keke wuya. Amma ya je. Ya durƙusa ya faɗi gaskiya.

"Ciwon babba ne?" ta tambaya.

"Kujewa ce a gwiwar hannu, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya. "Allah ya tsare gaba. Tashi. Na san ba da gangan ka yi ba. Amma ka kiyaye."

Da la'asar mota ta dawo. Malama da kanta ta rako Abdulrashid gida. Yaron yana tsaye a bakin zaure, ya kasa matsowa. Abdulrashid ne ya hango shi. Ya ɗaga wani ɗan kofi mai ƙyalli sama.

"Direba, mun zo na biyu. Wata yarinyar Zurmi ce ta fi mu da tambaya ɗaya."

"Ba ka fushi da ni?"

"Na yi, har muka wuce rabin hanya. Daga nan na huce." Ya ciro ƙullin alewa daga aljihu. "Ga tsarabarka. Rigarka kuma ta yi mini yawa, sai da na naɗe hannu."

Suka yi dariya. Malama ma ta yi murmushi.

Ranar Juma'a Baba ya kai tayar wurin mai gyara, aka sa sababbin wayoyi. Ranar Asabar da hantsi ya shimfiɗa buhu a tsakar gida.

"Sauran aikin naka ne," ya ce. "Ni kallo zan yi."

Abdulrashid ya zo ya zauna a kan turmi. Yaron ya wanke keke. Ya goge sarƙa da tsumma da ɗan kananzir, har baƙin datti ya fita. Ya bari ta bushe. Ya ɗauki sabuwar kwalbar mai da Baba ya sayo zai kwarara.

"Ɗigo ɗigo," in ji Baba. "In ka gama ka goge na sama. Mai in ya yi yawa, yashi yake kira."

Yaron ya sa wa kariya sabon noti. Ya ɗaure na sirdi da na kan keke.

"Ya isa haka," Baba ya ce. "In ka matse fiye da kima, sai ya lalace."

Yaron ya ba tayoyi iska. Ya hau ya zaga gida. Tsii ta tafi, ƙiƙi ta tafi. Amma saura ƙas, ƙas.

Suka duba ko'ina, ba su gano ba. Abdulrashid ya ce, "Ku ɗaga mini tayar baya." Ya sauko ƙasa, ya rufe ido, yana juya feda da hannu. Ya juya sau uku.

"Ta hagu ce," ya ce. "Nan inda ta shiga ƙarfe."

Baba ya kwance fedar. Wurin ya bushe, har ya fara tsatsa. Yaron ya goge, ya shafa giris da yatsa, ya mayar ya ɗaure. Ya sake hawa. Shiru.

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Kun gama ne? Ban ji komai ba."

"Shi ake so, Inna," in ji yaron.

Ranar Litinin suka isa makaranta tun ba a buɗe aji ba. Yara suka kewaye su suna tambayar ina makaɗa suka tafi. Malama Firdausi ta zo ta duba keken, ta girgiza kariya. Ba ta motsa ba.

"Minti nawa aikin ya ɗauke ka?" ta tambaya.

"Bai kai awa ɗaya ba, Malama."

"To, lokacin tara ka nuna wa 'yan uwanka."

Da aka fita tara, aka jera kekuna bakwai a inuwar bishiyar maina. Yaron yana riƙe da sifana. Abdulrashid yana kasa kunne. Zulaihat tana riƙe da kwalbar mai, tana hana masu son kwararawa. Keken wani yaro Nuhu ya fi kowanne surutu. Da aka ɗaure masa sirdi ya yi shiru, sai duk suka yi tafi. Har maigadin makaranta ya turo nasa.

Da aka koma aji, Malama ta sa yaron ya tsaya a gaba.

"Me ka koya?" ta tambaye shi.

Ya ɗan yi tunani. "Na koyi cewa ƙaramin gyara ba a ɗaga shi zuwa gobe. Noti ɗaya na raina, ya kayar da abokina, ya kusa hana shi gasa. In abu ya fara kuka, a duba shi tun yana ƙarami. Kuma in manya sun ce a duba, a duba."

"Madalla," in ji Malama. Ta ɗauki alli ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe, yara suka karanta tare:

"Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido."